Dawar da Ƙwaro Ya Ƙi

Hajo ta rasu bara a unguwarmu, nan Gadarif. Shekara arba'in tana toya kisra, gurasar dawa, a bakin kasuwa, amma ni da hancinta nake tuna ta. Ba ta zuba hatsi a mazubi sai ta cusa kai ta shinshina. Dawar ajiya a matmura take binnewa, wato ramin hatsi, da shimfiɗar ƙaiƙayi. Iri kuma a randa, da toka, a liƙe baki da laka.

Autanta Rufa'i tarakta yake tuƙawa a manyan gonakin yankin Simsim. Wata kaka ya zo da gangunan ƙarfe shida, kyautar mai gona.

"Inna, zamanin rami ya wuce. Wannan ba ɓera, ba laima."

Ta leƙa ɗaya, ta ja baya, ta tofar.

"Auta, me ya kwana a ciki?"

"Maganin feshi ne. Sau uku na wanke da sabulu."

"Ka wanke," in ji ta.

Ya cika su da abincin gidansa kaf, ya ɗaure murafe.

Bayan shekara biyu damina ta ƙi. Ya kira mu maƙwabta mu ga ajiya. Dawa fes, ko ƙwaro ɗaya babu. Sai dai warin. Kamar kalanzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, har yana kama maƙogwaro. Kowa ya ce masha Allah yana kau da kai. Har da ni.

Matarsa Lauratu ta tuƙa tuwo, wani maiƙo yana ƙyalli a kansa. Yaransu uku sun wanke hannu sun zauna, sai ga Hajo. Ta ɗauke akushin.

"Abin da ƙwaro ya ƙi, shi za ka ba jikokina?"

Rufa'i ya yi dariya, ya ɗebi dawar ya watsa wa kajinsa don ta gani. Ba sai na faɗi yadda muka tarar da kajin da la'asar ba.

Daga ramin Hajo yaran suka ci har sabon hatsi ya shigo. Dawar ta yi duhu, tana tsami-tsami. In Hajo tana sheƙa sai ta tsinci ƙwaro ta nuna wa Rufa'i a tafin hannu, yana tafiyarsa lafiya lau.

Har yau ina ganin irin gangunan a kasuwa, an shafa musu sabon fenti, ana ciniki. Nakan bi ta ɗaya layin.