Jaririya a Kan Ƙirjin Ɗan Zem

Ni ban iya zama wuri ɗaya ba. Makarantar lakwal ma wata biyar na yi, malamin ya gaji da kamo ni a bayan taga, ni ma na gaji da shi. Shi ya sa da sana'ar zem, wato acaɓa, ta zo Kwatano na ce don ni aka yi ta: daga Zongo zuwa Jonke, daga Jonke zuwa inda fasinja ya nuna.

A shekarun da aka sakar wa mutane baki, kowa ya zama ɗan siyasa, matata ta haihu saura wata guda da ɗori cikin ya isa haihuwa. Na iske Inna, mahaifiyata, a ƙofar matanite, asibitin haihuwa, da fulas na ruwan zafi, tana sa-in-sa da anfirmiya, wato nas, wata gajeruwar mata mai Hausar kasuwa.

"Jikata ba za ta yini da ƙazantar haihuwa ba," in ji Inna.

"Mama, yau babu wanka. Jikinta ya yi sanyi, sanyin nan shi ke kashe irinsu."

Na sa baki da ilimin da na tsinta a rediyo. "Madam, yanzu dimokuraɗiyya ake yi. Mu biyu ne, ke ɗaya."

Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai ne uban? Wanke hannu, ka tuɓe riga."

Ashe uwar tana ciki ana tsayar mata da jini, kwalabar ɗumama jarirai kuma da wasu a ciki. Madam ta zaunar da ni a benci, ta kwantar mini da yarinyar a ƙirji, fata da fata, ta sa mata hula, ta ɗaure mu da zanen Inna kamar goyon gaba. Nauyinta bai kai na 'yar shila ba. Ƙafafunta kuwa sanyi kamar an ciro su daga randa.

"Ka riƙa duban leɓenta da numfashinta. In sun canza, kira ni. Kada ka tashi."

A haka na raɗa mata huɗuba a kunne. Babura na wucewa a waje, ƙafata na rawa ita kaɗai. Fitsari ya matse ni, tari ya taso na haɗiye. Sau huɗu ina kiran madam, ukun farko ashe barci yarinyar take. Na huɗun ta zo da sauri, ta gyara mata wuya, ta ce na bar kan ya lanƙwashe. Inna ta daina magana, sai tasbihi.

Bayan la'asar madam ta zura bayan hannunta cikin zanen, ta taɓa tafin ƙafar yarinyar.

"Ta yi ɗumi. Saura mu ga ko za ta iya tsotso."

Ta kwance mu, ta shige da ita wurin uwar. Na tsaya a bakin labule ba riga, mata na wucewa suna kawar da kai. Can sai na ji muryarta daga ciki.

"Mama, shigo ki gani. Ta kama."