Fitilun Habu Mai Shawara

Ina juya kifi a kan banda ranar Talata da hantsi aka yi sallama, aka ce Malam Habu direba ya cika bayan jinyar kwana tara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan kawuna ne, taubashina, kuma a cikin a-kori-kurarsa kwandunan kifina suka yi shekaru suna zuwa kasuwar Haɗeja daga Guri.

Sunan da gari ya san shi da shi, Mai Shawara, ni na raɗa masa, don haka ni ya kamata in faɗi asalinsa.

A shekarar da gwamnati ta sauya hannun tuƙi, wani bijimi ya fasa masa fitila ɗaya da ƙaho. Muka je wurin mai kayan mota tare, ina biye da shi don kada ya tafi ya bar ni da kaya. Mai shago ya fito da farare masu ƙyalli, ya ce, "Malam Habu, in ka kunna waɗannan a Guri, sai zakarun Birniwa su yi cara."

Habu ya juya gilashin, ya duba zanen da ke jikinsa, ya ajiye. Ya ce na tsohon hannu ne, haskensu yana karkata hagu, kuma yanzu a hagu mai tahowa yake. Ya nuna wasu rawaya da suka yi ƙura, irin na Nijar, inda dama can a dama suke tuƙi. Ya ce a cire har mai lafiyar, a sa su biyun.

Da ya kunna na ce, "Kai bawana, motar nan shawara ta kama ta, a nemo mata jiƙo." Kafin la'asar duk tasha ta ɗauki sunan. Bai yi fushi ba. Cewa ya yi, "Uwar kifi, wanda ke tahowa ma yana da ido."

Wanda bai san hanyarmu da damina ba, zai ce wasa ne. Siririn tudu ne, ruwa dama, ruwa hagu, ga masu keke da jakuna sun yi sammako. In ka kashe wa mutum ido, cikin kogi ka tura shi. Habu yakan tsaya cak in ya hango shanu, ya rage fitila har su wuce, ni kuwa ina mita kasuwa za ta watse. Sai ya ce, "Kifinki ya riga ya mutu, ba ya sauri."

Yanzu a zaman makoki na ji ana raɗa wai rowa ce ta sa ya sayi masu dushi-dushi. Ƙarya ne, ina wurin. Jiya babban ɗansa Sale, wanda ya gaji motar, ya zo da sukudireba a hannu ya ce mini, "Gwaggo, zan sa farare, na gaji da dariyar 'yan tasha." Na ce, "Ni na fara dariyar, ni na janye ta. Ranar da ka taɓa fitilun nan, ka nemi wata gwaggon." Ya sunkuyar da kai, ya mayar da sukudireba aljihu.

Allah ya jiƙan Habu, ya yafe masa, ya yafe mini bakina a kansa. Allah ya ba iyalinsa haƙurin rashinsa, ya ba Sale haƙurin zama da ni, don ina nan, kuma gaban mota zan riƙa zama. Amin.