Yadda Na Shiga Babi Na Uku

Shekarar korona ina aikin goge-goge a filin jirgin Doha, ina kwana a unguwar Ain Khaled. Karatuna aji uku ne, shi ma na ukun ta taga na fi halartarsa.

Autata tana jami'a a Kano, tana rubuta kundin kammalawa a kan adon harshe. Ta kira ni.

"Baba, malamina ya ce sai na kawo misalai daga bakin mutum, ba daga littafi ba. In babu, ba zai sa hannu ba."

"Mene ne adon harshe?"

"Irin maganar da kake yi kullum."

Ranar hutu na yi wanka, na sa babbar riga, duk da saƙon murya ne ba hoto ba. Na gyara zama na yi mata goma, kowanne da gyaran murya. Malamin ya saurara ya ce wannan jawabin ɗaurin aure ne, ta sake.

Makaranta aka rufe, aka buɗe, aka sake rufewa, har gasar kofin duniya ta riske mu kundin bai wuce ba. Sai yarinyar ta ɗauki wayar uwarta, inda saƙonnin muryata suke, waɗanda nake yi babu wanka.

Ta sake kira, ta karanto mini. Inda na ce zafin Doha yana bin mutum har ɗaki ya zauna masa a ƙirji, wai mutuntarwa ne. Fuskar kafil ɗinmu, wato ubangidanmu, kamar shagon da aka kulle, kamance. Inda na ce wa uwarta ni ke riƙe da filin jirgin nan, kambamawa.

"Tsaya. Uwarki ta ga wannan?"

"Ita ta zaɓo mini shi."

Shekara bakwai ina zaton matar nan ta yarda.

Akwai kuma inda na ce a makon farko na gasar na goge bayi ɗaya sau talatin kafin la'asar. Shi ma kambamawa ta sa.

"Wannan gaskiya ne, wallahi. Bayana shaida ne."

"Baba, shi malam ya fi so. In cire?"

Na dubi tsummana. Na ce khalas, shi ke nan, bar shi.

Malam ya sa hannu. Babi na uku duk ni ne. An rubuta: dattijo, bai yi boko ba, yana da yawan kambamawa.