Sunan Da Inna Kulu Ta Tsallake

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Inna Kulu ta kusa sa in tashi daga aiki ba.

Ga wanda bai san sana'armu ba, ni ce mai haɗa buɗe fim: wancan minti ɗaya da rabi na farko da sunaye ke fitowa da kiɗa. Mutane na tsallake shi, ni kuwa da shi nake cin abinci tun da na gama sakandare.

Daraktanmu a Talata Mafara, Malam Sanusi, ya lura cewa yawancin masu kallonmu a Janbako da Dakko ba sa karanta boko. Sai ya ce a wannan fim, duk sunan da ya fito a ji murya tana faɗinsa. Ya zaɓi Inna Kulu, dattijuwar da ta fito a matsayin mai fura, don muryarta akwai zaƙi. Ya ce in gama kafin Talata, ranar kasuwa, lokacin da masu tura fim a waya ke karɓar sabo. In na kasa, zai kai aikin Gusau.

Inna ba ta karatu, don haka ina faɗa tana maimaitawa. Sunan kamfani, ta faɗa. Na darakta, ta faɗa. Na ce, "Bashar Maradun," wato jarumin fim ɗin. Shiru.

Na ɗauka ba ta ji ba, na ɗaga murya. Ta gyara mayafi ta ce, "Wuce na gaba, ɗiyata."

"Inna, babu na gaba sai an yi wannan. Shi ne jarumi."

"Na jiya. Wuce."

Na duba makirufo, lafiya lau. Na rarraba mata sunan kamar ɗan aji ɗaya. Ta kalle ni ta ce, "Ke ɗiyar ga, gidanku babu manya?" Sunaye goma sha tara ta faɗa ba gargada, har na mai janareto. Wannan ɗaya ta ƙi.

Na yi ta lissafi. Wata biyu ana ɗaukar fim, ban taɓa ganin ta amsa gaisuwar Bashar da fiye da "lahiya" ba. In ya shigo rumfa, ita ta fita. Na yanke cewa gaba suke yi. Na kira shi ya zo, ban ko bari ya zauna ba.

"Mi ka yi ma tsohuwar ga? Je ka ba ta haƙuri, aikina na tsaye."

Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai. "Ita ta haihe ni. Ni na ɗanta na hwari. Gun kakata na tashi, can Maradun."

Na riƙe baki. Na san kunyar ɗan fari mana, gwaggota ma tana yi. Amma a gida na san ta, ban taɓa zaton za ta biyo mutum har gaban makirufo ba. Kuma kowa a wurin ya sani, har Malam Sanusi. Da na tambaye shi dalilin da ya zaɓe ta, cewa ya yi, "Wallahi na sha'afa."

Na ɗauki sunan da muryata na liƙa a tsakiya. Ya fito kamar facin buhu a jikin shadda. Na kunna wa Bashar, ya ce in cire.

"In cire in sa wa?"

"Kar ki sa kowa. Bar wurin hakanan."

"Kai da ka dame ni in ƙara ma sunanka girma? Yawancin masu kallo ba su iya karanta shi!"

"Ban taɓa jin ta kira sunana ba," in ji shi. "Nan ma in aka ji shiru, an san ni ɗanta na."

Ban gane ba, har yanzu ma ban gama ganewa ba. Amma na bar sakan uku: sunansa cike da allo, kiɗa ƙasa-ƙasa, babu murya. Malam Sanusi ya kalla sau biyu, ya ce a tura kasuwa.

Ku da kuka shigo aikin nan bana, kwamfuta za ta koya muku launi da girman baƙi. Ba za ta gaya muku wa ya haifi wa ba. Ku tambaya kafin ku ɗaga wa dattijuwa murya.