Ruwan Zartsi da Tsamiyar Kunu

Ranar wata Alhamis ce, azumi na ƙaratowa, shekarar da nake aji biyar a firamare, Inna ta fito daga kicin ta dire butar lantarkinta a gaban Baba. "Malam, dubi abin da ruwanga ya yi min," in ji ta. Na leƙa ciki. Wani farin ɓawo ya manne wa gindin butar, mai kauri kamar ƙanzon tuwo. Butar nan tsarabar Makka ce daga yayanta, Kawu Sani, wanda bai daɗe da dawowa ba Allah ya yi masa rasuwa. Ko mu 'ya'yanta ba ma taɓa ta sai da izini.

Lokacin ba mu cika shekara ba da tarewa a gidan da Baba ya gina a sabuwar unguwa, can bakin garin Talata Mafara ta hanyar Sakkwato. Yana aiki a sakatariya, da rani kuma yana noman shinkafa a filayen Bakolori, da haka ya tara bulo har gida ya tashi. Babban abin alfaharinsa shi ne famfo, don an jawo ruwa daga burtsatsen unguwa har tsakar gidanmu. Ni da ƙanena Bashiru muka yi ta tsalle, mun huta da jido daga rijiya kafin tafiya makaranta. Ashe ruwan zartsi ne. Sabulu ba ya kumfa, kayan makaranta su bushe ƙandas kamar fata, wake ya wuni a wuta bai nuna ba sai an zabga masa kanwa. Dutsen guga mai feshi ya tofa wa Baba farin gari a kan shuɗiyar shaddarsa ta Juma'a. Kan shawa ya toshe, kullum muna tsokalar ramukansa da tsinken tsintsiya. Hitar da muke ɗuma ruwan wanka da ita ta yi ɓawo ta ƙone. Ga shi kuma abin ya iso kan buta: ta yi ta gurnani, ta kashe kanta ruwa bai tafasa ba. Inna ta gwada toka da soson ƙarfe, a banza. Mai gyara ya ce in aka kankare da wuƙa ƙarfen zai huje.

Daga ranar Inna ta kafe sai mu koma cikin gari, gidan kakanni. Baba ba mai yawan magana ba ne, amma na ga wani dillali ya zo yana zagaya katangarmu yana aune-aune, sai na gane gidan ake shirin sayarwa. Ina son gidan nan, ina son filin da muke 'yar gala-gala a ƙofarsa, da darbejiyar da na dasa da hannuna.

Wanke-wanke aikina ne. Da aka shiga azumi, kullum da safe ina tsugune bakin famfo da tulin kwanukan buɗa-baki, duk sun yi dabbare-dabbaren fari, sai ƙaramar tukunya guda da ke ƙyalli kamar sabuwa. A cikinta Inna ke jiƙa tsamiyar kunu. Na daɗe ina juya ta a hannuna. Na kira Bashiru ya kwance kan shawa, muka jefa shi cikin ragowar ruwan tsamiya, muka tafi makaranta. Ranar ban ji komai a aji ba. Da muka dawo muka ɗauraye shi muka mayar, sai ga ruwa yana feshi ta kowane rami.

Na ruga na jawo Inna. Ta kalli shawar, ta kalle ni, ta gane inda na dosa. "In butar ta lalace fa, Hadiza?" in ji ta. Can sai ta ɗauko butar da kanta, ta tace tsamiya mai kauri ta zuba, muka zauna jiran wuta. Bayan la'asar aka kawo. Butar ta fara tsuwa, kumfa ya taso, ƙamshin tsami ya cika kicin. Da ta huce Inna ta tuntsurar da ruwan, ɓawon ya zubo falle-falle kamar ɓawon ƙwai, ƙarfen ya fito tas. Muka ɗauraye, muka zuba sabon ruwa, kafin ka ce kwabo ya tafasa. Inna ta rangaɗa guɗa da azumi a bakinta, idanunta cike da ƙwalla. Baba ya fito da carbi a hannu. "Mi anka yi?" Da ya ji labari sai ya dafa kaina ya ce, "Wagga ɗiya, Allah shi yi miki albarka."

Kafin Sallah labari ya game unguwa. Mata suka riƙa shigowa da butoci da kawunan famfo, tsakar gidanmu ta koma kamar shagon gyara, ana jiƙa tsamiya a manyan robobi, ana hira ana dariya, ni kuma ina zagayawa ana tsokanata da "Injiniya". Baba ya sa aka kafa indararo da tanki don tarar ruwan sama saboda wanki. Dillalin nan bai sake dawowa ba.

Yau ina zaune a wani gari, a gidan bene, ruwanmu ma ba shi da maraba da wancan. A kanti nake sayen wani farin gari da ke gama aikin nan take, ba jira, ba fargaba, maƙwabciyata kuwa ko sunanta ban riƙe ba. Inna da Baba suna nan a gidansu, sun tsufa a cikinsa. Sauƙi kam an samu, sai dai babu mai yi maka guɗa.