Jikan Rinji

Ƙamshin gwaiba ne ya tsayar da ni a kasuwar Abu Hamour da ke Doha ranar Juma'a. Wallahi sai na gan ni a tsakar gidanmu, ƙarƙashin gwaibar kakana, damina ta yi nisa, ƙasa a jiƙe.

Unguwarmu ana ce mata rinji. Ka san ma'anarsa kuwa? Inda aka ajiye bayin gidan dagaci su yi noma, tun zamanin da. Bauta ta ƙare tun ba a haifi kakana ba, amma sunan bai tashi ba. In kakana zai wuce ƙofar gidan dagaci sai ya cire takalmi ya riƙe a hannu, ko da ba kowa a zauren. Na sha bin sa cikin taɓo, ni ma nawa a hannu.

Baffana, ƙanen babana, malamin firamare ne, kuma shi ba ya cire takalmi. Shekarar da ya nemi kansila, rabin gari na bayansa. Sai manyan jam'iyya suka aiko wai ya janye, ba a taɓa ɗora ɗan rinji a kan 'ya'yan gida ba.

A gindin gwaibar nan aka yi ta. Babana ya ce, "Ka ƙara haƙuri, ka ƙara ƙoƙari. In ka cancanta za su ba ka."

Baffa ya ce, "Haba Yaya, wace jarrabawa ce ban ci ba? Kakanmu suke tambaya, ba takarduna ba."

Gonar da muke ci a ƙasar dagaci take. Washegari kakana da kansa ya tasa baffa a gaba har ofishin jam'iyya, ya janye. Daga ranar baffa bai ƙara cin tuwo kwano ɗaya da shi ba, har Allah ya yi wa tsohon rasuwa.

Yanzu ina sikiriti a wani kamfani a nan Doha, shekara huɗu. Sau biyu ina koya wa sabon zuwa aiki, farar fata, kafin wata shida ya zama ogana. A ɗakinmu ma gardamar ke nan. Wani ɗan Zangon Kumasi ya ce khalas, magana ta ƙare, fasfo da launi ake dubawa. Wani direba Bakano ya ce lalaci ne, mu gyara Turancinmu. Ni na gyara nawa, a waya na koya, na karance gardamar baƙar fatan Amurka kaf, ka ce a gidanmu ake yin ta.

An sake buɗe gurbin sufabaiza, na ce ba zan wahalar da kaina ba. Da na gaya wa baffa a waya, muryarsa duk ta tsufa, sai ya ce, "Cika fom ɗin, ɗana. In za su hana ka, su hana da bakinsu. Ni da hannuna na janye, shi ke ci na har yau."

Jiya na miƙa.