Mai Awon Ƙwaƙwalwa na Ƙofar Kibo

Daga inda Mero take suyar awara a Ƙofar Kibo, ba abin da ke ɓoye mata a teburin baƙon nan. Yana sanye da farar rigar likita wadda wuyanta ya yi baƙi ƙirin, ga farcen ɗan ƙaramin yatsa zaƙo-zaƙo da yake sosa kunne da shi. A gabansa akwai wata 'yar na'ura mai ƙyafta fitila, wai ita ke jin bugun ƙwaƙwalwa ta yatsun mutum. A ganin Mero, iyakar karatunsa bai wuce sharar wani kantin magani ba.

Yau wani dattijo maɗinkin hula ne zaune a gabansa.

"Likita, tun da na tashi daga ciwon nan yatsuna ba sa jin allura. Sai na ga jini nake sanin na soki kaina."

"Baba, ƙwaƙwalwarka ce ta rage gudu," in ji baƙon, idonsa na kan waya.

Da bakin biro yake tura yatsan tsohon cikin na'urar, don kada fatarsu ta haɗu. Fitila ta ƙyafta yadda take yi wa kowa. Ya dangwarar masa da kwalbar magani. Dattijon ya kai hannu zai ɗauka, kwalbar ta suɓuce, ta gangara cikin kwata. Mai rigar ko motsi bai yi ba.

Mero ta ja dogon tsaki.

"Baba, bar ta nan, ta isa gidansu. Ka sa yaranka su kai ka asibiti."